Tambaya da Amsa: Me ya hana jirgin yaƙin Laffey nutsewa?

TAMBAYA: Mu nan Yawuri, katako ɗaya ya ɓalle a jirgin ruwa sai a shiga salati. Na ji an ce wani jirgin yaƙin Amurka, Laffey, ya sha bama-bamai amma bai nutse ba. Yaya aka yi? Daga mai karatu, Yawuri, Jihar Kebbi.

AMSA: Malam, gaskiya ka ji. Laffey na cikin jiragen da ake kira distiroya, masu gudu da rakiyar manyan jirage. Tsawonsa kusan mita 115, da manyan igwa shida. Ya fara aiki ranar 8 ga Fabrairu 1944, kuma a Yunin shekarar yana gaɓar Nomandi ta Faransa, ana gwabzawa da Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranar da kake tambaya ita ce 16 ga Afrilu 1945, kusa da tsibirin Okinawa na Japan. An tura shi gaba yana gadi da na'urar rada mai hango jiragen sama daga nesa, wato shi maharan za su fara cin karo da shi. Jiragen saman Japan 22 suka yi masa rubdugu. Shida na 'yan ƙunar baƙin wake suka faɗa masa, bam huɗu suka same shi. Mutum 32 suka rasu, 71 suka ji rauni. Wani bam ya maƙale abin juya jirgin, ya kafe a hagu, jirgin ya dinga kewaya wuri ɗaya.

Abin da ya raba shi da jirginku na kogi shi ne cikinsa. An raba shi ɗaki-ɗaki da bangon ƙarfe, kowace ƙofa tana toshe ruwa. Yawancin dukan ta baya ya faɗa. Aka kulle ƙofofi, ruwa ya tsaya inda ya shiga, ana kwashe shi da famfo. Injuna ba su mutu ba, saboda haka kyaftin Frederick Becton ya dinga ƙara gudu yana ragewa don ɓata saitin maharan. Wuta ce ta fi ruwa haɗari, domin man jirgin sama kan malalo kusa da harsasai, kuma masu kashe ta sun tsaya a kanta ana ruwan wuta. Daga baya jiragen saman Amurka suka kawo ɗauki.

Janyo shi aka yi zuwa Okinawa, daga baya aka gyara shi a birnin Siyatil na Amurka. Ya yi yaƙin Koriya a 1952, ya yi ritaya a 1975, yanzu gidan tarihi ne a jihar Karolina ta Kudu.