Bincike kan kabon a dazukan gaɓar teku: a fara da laka

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya kamata masu bincike su fara dubawa game da kabon da dazukan bakin teku ke adanawa, wato sinadarin da itatuwa ke zuƙa daga iska, wanda ke ɗumama duniya idan ya koma cikinta. A ganina, a fara da ƙasa kafin a ɗaga kai sama.

Ɗauki dajin manguro (mangrove, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku) na yankin Neja Delta, wanda babu kamarsa girma a Afirka. Mafi yawan kabon ɗin yana cikin baƙar lakar da ke ƙarƙashin saiwoyi. Ruwan gishiri ya toshe iska, sai ganye da saiwa su yi ɗaruruwan shekaru ba su gama ruɓewa ba. Amma galibin awon kabon a zurfin mita 1 yake tsayawa, alhali lakar kan zarce haka. Wannan giɓi ne babba.

Sai abin da ya fi damuna: kwakwar nipa da aka kawo Kalaba a 1906, wadda ke mamaye duk inda aka sare daji. Shin tana riƙe kabon kamar itatuwan asali? Haka kuma wuraren da ɗanyen mai ya malala, irin ƙasar Ogoni da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya bayyana: kabon nawa ke tserewa bayan itatuwan sun mutu?

A kuma auna iskar mitan (methane), wadda ke fita daga laka tana ɗumama duniya, inda ruwan kogi ya rage gishiri, don tana rage ribar adana kabon. Batun sayar da kabon a kasuwa kuwa, wato karɓar kuɗi don kabon da daji ya adana, ni dai na ce a jira awo tukuna.