Amsar Goggo Kan Neman Miji a Gundumar Prince George's

'Yata, saƙonki ya iso, na karanta shi sau biyu, na biyun da tabarau. Kin ce shekararki 31, kina aikin jinya, kina zaune a Bowie ta jihar Maryland a Amurka, kuma kin zauna kin buga lissafi: gundumarku ta Prince George's mutum 967,201 ne a ƙidayar 2020, mata sun fi maza yawa, da kika cire yara da tsofaffi da masu aure sai abin da ya rage bai cika miki ido ba. Shi ne kike tambaya ko al'ada ta yarda mace ta nemi miji da kanta, har ta waya, kuma ko dole ne sai ɗan gida.

Lissafin nan ya ba ni dariya, don halin babanki ne sak. Amma akwai abin da ya ɓace miki: ƙidayar Amurka ba ta tambayar addinin mutum. Kawuna take ƙirgawa, ba ta san wanda ke durƙusawa ya yi addu'a ba.

Na san wurin naku. Wata biyar na yi a Lanham lokacin da na je wa yayarki wankan jego. Ba ƙarancin Kirista ne matsalarku ba. Yawancin mutanen gundumar baƙaƙen fata ne, kusan shida cikin goma, kuma mutanen coci ne na gaske. Wata Lahadi aka kai ni First Baptist Church of Glenarden, na ga jama'a kamar ranar babban taro, filin ajiye motoci kaɗai ya ishi kasuwa. Ana cewa amin kowa ya nufi motarsa. Kafin in gama gyara ɗankwalina rabin mutanen sun watse. A nan gida Wusasa ta Zariya kuwa bayan sujada sai mu yi awa guda a tsaye a inuwa, ana gaishe-gaishe, ana tambayar jikin wane, kuma a nan ne uwar saurayi take ƙare wa yarinya kallo ba tare da ta sani ba. Ku ba ku da wannan inuwar. Maƙwabcin yayarki, wata biyar ban ga fuskarsa sosai ba. Ƙofar gareji ta buɗe, ta haɗiye shi da motarsa, shi ke nan sai gobe. Unguwa ce ta masu iyali, an gina ta don wanda ya riga ya yi aure, ba don mai nema ba.

Batun ɗan gida kuma, bari in faɗa miki gaskiya. 'Yan Najeriya suna da yawa a Lanham da Bowie da Laurel, amma galibinsu Yarbawa ne da Ibo, ga 'yan Kamaru da Gana da Saliyo. Wajen Langley Park kuma mutanen El Salvador da Guatemala ne suka cika. Kirista mai jin Hausa, da yatsu za ki ƙirga su. In kika ce sai wanda zai rera miki Littafin Waƙoƙi da ka, furfura za ta riga shi zuwa. Kuma Wusasa ɗin da kike tinƙaho da ita, ai tun da mishan ta koma can daga birnin Zariya a 1929 taron dangi-dangi ce: Hausawa, Fulani, mutanen Filato, kowa ya auri kowa. Janar Gowon ɗan Angas ne, a nan ya tashi, wa ya taɓa ce masa baƙo?

Abin da al'ada ta riƙe da ƙarfi shi ne bincike. Da mijina ya fito nemana, Baba ya tura dattawa biyu garinsu, suka kwana biyu suna jin ta bakin mutane. Akwai sata a gidan? Akwai cin bashi? Yaya ubansa yake riƙe da uwarsa? Wannan ta ƙarshen ita ta fi komai nauyi a wurinsa. Kuma kada wani ya ruɗe ki cewa mata ba sa nema. Muna nema mana, sai dai ta bakin goggo, ko ƙawa, ko wata uwa a zumuntar mata. Wayar nan taku 'yar aike ce kawai, ban ga laifinta ba. Aibinta ɗaya, ba ta san uwar yaron ba, abin da ya rubuta da hannunsa shi za ta kawo miki.

Akwai wata yarinyar cocinmu da ta tafi can. Ta haɗu da wani mai baki kamar zuma, ayar Littafi Mai Tsarki ba ta ƙare masa. Aka yi aure cikin wata huɗu, babu wanda ya san danginsa. Da takardar zamansa ta fito, ashe yana da mata da 'ya'ya uku a gida. Kiran waya ɗaya zuwa garinsu da ya isa.

Saboda haka ki daina zama a kujerar baya a babbar coci kina ficewa da wuri. Shiga ƙungiyar mawaƙa, ko nazarin Littafi na tsakiyar mako, inda mutum ashirin za su san sunanki, su lura ran da ba ki zo ba. Ki tsallaka iyakar gunduma ma, Silver Spring da Baltimore ba nisa, kuma in 'yan Arewa na ƙungiyar Zumunta suna taro, ki nemi hutu ki je.

In kin samu wanda ya kwanta miki, ko Ba'amurke ne, sharaɗina uku: faston da ya san shi shekaru, dangin da za su nuna fuska ko ta bidiyo ne su yi gaisuwa, da sanarwa Lahadi uku a nan gida kafin ku je karɓar takardar aure a Upper Marlboro, hedkwatar gundumarku. Sadaki kuwa ki bar mini, ni zan yi masa bayani cewa ba sayenki yake yi ba, kuma zan ja wa babanki kunne kada ya ji dala ya tsawwala.

Ki turo mini lambar matar fastonku, ina so mu gaisa. Daddawa da kukar da kika ce, na ba yayarki saƙo, ki je Lanham ki karɓa kafin ta cinye.