Wanke sulallan rufa-ido ba tare da an tona asiri ba

Ɗan'uwa, ka ce sulallan wasanka sun dushe a unguwar Nima da ke Accra, kana tambaya ko ka goge su da Brasso, man goge ƙarfe. Kada ka soma. Iskar Accra mai gishirin teku ce ke dusar da su, amma man goge ƙarfe yana cin jikin sulai, har sulai mai rami kamar ƙoƙo, wanda ake kifawa a kan wani sulai don ɓoye shi, ya koma yana karkaɗa.

Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, tsohon buroshin haƙori mai laushi, sai ka tsane da ƙyallen auduga. Sulai mai naɗewa kuwa, fara cire robar cikin da ke riƙe ɓangarorinsa, ka bi tsagar da tsinken sakace.

Kuma ka wanke sulallan gaskiyar tare da su. Ɗaya na ƙyalli ɗaya ya dushe, yaran Zango za su gano ka tun kafin ka buɗe hannu.