Amsa kan cin talibambam mai ɗige-ɗige na teku

Malam, ka tambaya ko ana cin talibambam ɗin nan mai fararen ɗige-ɗige kamar zabo, wanda masana ke kira Arothron meleagris. A gaskiya ba kifin ci ba ne.

Yana zaune ne a cikin duwatsun murjani na Tekun Indiya da na Pasifik, daga gaɓar Gabashin Afirka har zuwa Panama, kuma tsawonsa kan kai santimita 50. Haƙoransa huɗu a haɗe suke, da su yake gatsar kan murjani yana ci. Idan ya tsorata sai ya haɗiyi ruwa ya kumbura, yadda ɗan'uwansa na Kogin Binuwai da Tafkin Chadi yake yi.

Haɗarinsa yana cikin dafin tetrodotoxin, wanda yake taruwa musamman a hanta da ƙwai da fata. Dafuwa ba ta kashe shi, kuma har yanzu ba shi da makari; yana fara sa leɓe da harshe su mutu, sannan ya shanye jijiyoyin numfashi, sai dai a taimaki mutum da na'urar numfashi a asibiti. Ko a Japan, inda ake cin wasu danginsa, sai mai lasisi ne ke feɗe su don sayarwa.