Ko ganye na ce ya miƙo min sai ya ce nawa za ki ba ni

Salam Anti, ya aiki ya iyali. Don Allah shawara nake nema a kan babban yarona, shekararsa 8, muna zaune a Aboabo nan Kumasi. Waakye, wato shinkafa da wake, nake saidawa da safe, to kin san aikin, tun asuba mutum na kan ƙafa ba lokacin lallashi. Da duka nake bi da shi har ta kai in na ɗaga bulala ko gezau, sai ya tsaya yana kallona. Maƙwabciyata ta ce in bar dukan in riƙa ba shi lada, na fara ba shi sidi 1 in ya share tsakar gida, sidi 2 in ya tafi makarantar allo ba rigima. Da farko kamar an canza min yaro, yanzu kuwa ko ganyen naɗe waakye na ce ya miƙo min sai ya ce nawa za ki ba ni, jiya a gaban kwastoma ya faɗa wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Surukata ta ce ni na lalata shi, wai ba a yabon yaro a kan idonsa balle ɗan fari, kuma baki na kama yaro. In koma bulalar ne ko yaya?

Maman yara, Aboabo

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu da fama. Bulala kam kar ki koma mata, ke da bakinki kika ce ta daina ci. Ko a makarantun boko hukumar ilimi ta Ghana, GES, ta hana dukan ɗalibai tun 2017, a 2019 kuma ta umarci malamai su koma horon da ba duka a ciki.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, yaro yana maimaita duk abin da ya ga ya jawo masa daɗi. Inda aka samu matsala shi ne kin yanka farashi kafin aiki, shi kuma ɗan 'yar kasuwa ne, kullum yana ganin yadda ake ciniki, me zai hana ya taya? Ki samu dare ɗaya da ranki ba a ɓace ba ki zaunar da shi ki ce shara da aike aikin gida ne kowa na yi, daga yau ba biya. Kuɗin da yake tafiya da su makaranta ki ci gaba da ba shi kamar kullum, kar ki haɗa su da wannan maganar. Kuma ki shirya, kwanakin farko sai ya fi da taurin kai, zai yi kuka zai ƙi aike don ya gwada ki, in kika sassauta ranar da ya fi ihu to kin koya masa ihu ke fito da kuɗi.

Abin da zai maye gurbin kuɗin idonki ne da bakinki. Mu iyaye in yaro ya yi daidai shiru muke, sai ya fasa kofi unguwa ta ji muryarmu. Ki riƙa farautar abin kirkin da ya yi komai ƙanƙantarsa, ki faɗa nan take ba sai dare ba, kuma ki ambaci abin da sunansa: "na ga ka wanke kwanonka ba wanda ya sa ka, Allah ya yi maka albarka." Wannan ya fi "yaron kirki" kawai, don ya san takamaimai abin da zai sake. Don Allah kar ki ɗora masa "da ma kullum haka kake yi", wannan jelar ita ke kashe yabon gaba ɗaya.

Hajiya surukarki kuwa kar ki ja da ita, alkunyar ɗan fari al'adarmu ce. In nauyin yaba shi ido da ido kike ji, ki faɗa wa babansa da daddare inda kin san yana jiyo ku, wai yau wane shi ya riƙe min ƙanwarsa har na sallami mutane. Ki roƙi Hajiyar ita ma ta riƙa sa masa albarka, ban taɓa ganin kakar da ta ƙi wannan ba, maganar baki kuma Masha Allah ta isa. In ta kawo zancen duka ki tuna mata cikin ladabi Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, Annabi bai taɓa ce masa ko "uf" ba.

Kyauta ba laifi jefi-jefi, ayis kirim na FanIce ko ki tafi da shi kasuwar Kejetia ranar sayayya ya zaɓi abu ɗaya, amma bayan ya yi abin, ba tare da kin yi alkawari ba. In ya sake tambayar nawa a gaban kwastoma kar ki tanka, ki ɗauko ganyenki da kanki, maganar ta jira sai kun koma gida.