Tambaya da amsa: "I used to come early" na ce wa oga, ashe kaina na tona wa asiri

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tambaya akan "used to" ɗin nan. Ranar nan na makara zuwa ofis oga ya yi min magana, sai na tura masa saƙo na ce "Sir, I used to come early", nufina kullum da wuri nake zuwa yau ne kawai aka samu akasi. Sai ya maido min da "So what changed?" Na rasa gane inda ya dosa, sai da wata abokiyar aikina ta ce ai ce masa na yi da can ina zuwa da wuri amma yanzu na daina. Malam haka ne? Kuma meye bambancinsa da "I am used to"?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abokiyar aikinki ta faɗi gaskiya, abin da ogan ya ji kenan, shi ya sa ya tambaye ki me ya canza. Kuma kar ki ji wani iri, wallahi wannan kuskuren na ɗaya daga cikin waɗanda na fi cin karo da su a rubutun ɗalibai har da manyan ma'aikata, kuma ba rashin ilimi ke kawo shi ba, Hausarmu ce ke aiki a ƙarƙashin Turancin.

Kinga mu muna da "kan". Nakan je, yakan zo, mukan yi. Wannan "kan" ɗin ba ruwansa da lokaci, shi dai abin da aka saba yi akai-akai yake nunawa, ke ce za ki saka masa lokacin da kanki. Za ki ce "a da nakan je gona da Baba" kuma za ki ce "yanzu nakan je kasuwa ranar Asabar", duka biyun daidai ne. To da muka shiga makaranta aka koya mana used to, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an samo mata "kan" na Turanci, idan jiya ne a ce used to, idan yau ne a cire d ɗin a ce "I use to go". Nan ne gizo ke saƙar. Used to a ɗaure yake da baya, ba ya motsi, kuma yana ɗauke da wani ƙarin saƙo a ɓoye cewa abin ya wuce yanzu ba haka ba ne. "I used to live in Zaria" ma'anarsa da a Zariya nake zaune, na tashi. "He used to smoke", da yana shan taba, ya bari. Ko ba ki faɗi "amma yanzu na daina" ba mai sauraro ya riga ya ji shi.

Wani abu da zai ba ki sha'awa, a tsohon Turanci na wajen ƙarni na 16 da na 17 Turawan Ingila da kansu suna amfani da use to don abin da ake yi yanzu, kamar dai yadda mutanenmu ke yi, daga baya ne wannan ya faɗi aka bar na bayan kaɗai. Amma a Turancin yau idan al'adarki ta yanzu kike son faɗi, fi'ilin kawai za ki kawo tsurarsa, in kin so ki haɗa da usually ko always ko every day. Nakan sha shayi da safe, "I usually drink tea in the morning". Shikenan.

Sai na biyun da kika tambaya, "I am used to". Wannan shi ne "na saba" namu sak. Ba maganar da can da yanzu ba ce, maganar sabo ce, abu ya bi jiki har ba ya damun mutum. Mai shago a bakin titi zai ce "I am used to the noise", na saba da hayaniyar. Kuma shi wannan yana yawo a kowane lokaci, I was used to, I am used to, duk ya halatta. Inda ake zamewa shi ne abin da ke biyo bayan to ɗin. A nan suna ne ke biyowa, ko fi'ili mai ing a ƙarshe. "I am used to waking up early", ba "I am used to wake up" ba. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce ki gwada saka it bayan to, idan ya zauna kamar "I am used to it", to duk fi'ilin da zai shiga gurbin nan sai ya ɗauki ing. Wannan dabarar za ta yi miki aiki a "I look forward to hearing from you" da ake rufe wasiƙa da shi, don shi ma mutane da yawa "to hear" suke rubutawa. Irin wannan tarkon ne masu shirya tambayoyin WAEC da JAMB ke son ɗanawa, a ba ka eat da eating a ce zaɓi ɗaya.

Idan kuma sabon bai gama kamawa ba ana kan hanya, sai a kawo get. Wanda aka yi wa canjin aiki daga Sakkwato zuwa Jos a tsakiyar hunturu zai ce "I am getting used to the cold", ina ɗan sabawa da sanyin a hankali, abokinsa ya ce masa "You will get used to it", yau da gobe za ka saba.

Akwai na uku da ya yi kama da su a rubuce amma shi daban yake, wato use na amfani da abu. "This knife is used to cut meat", da wuƙar nan ake yanka nama. Kunne ne zai raba miki su. Wannan na amfani da z ake furta shi, yuzd, su kuwa waɗancan biyun da s ne, kuma na farkon a bakin Bature haɗe yake fita kamar yusta, d ɗin ta narke cikin t. Shi ya sa ma mutane ke mantawa da d ɗin wajen rubutu, tunda ba sa jin ta.

Wajen korewa da tambaya kuwa, a used to na farko mai nuna abin da ya wuce, d ɗin faɗuwa take yi da gaske saboda did ya riga ya ɗauki nauyin lokacin. "I didn't use to like fish", "Did you use to play football?" Za ki ga wasu Turawan na rubuta didn't used to, amma ni ba na ba ɗalibi shawarar ya kai shi jarrabawa. In kina shakka ki ce "I never used to like fish", ya fi daɗin faɗi ma kuma ba mai kama ki.

Abu ɗaya kuma ki kiyaye, kar ki haɗa used to da abin da ya faru sau ɗaya ko aka ƙayyade tsawonsa. Ba a cewa "I used to go to Kaduna last week", sai "I went". Haka in za ki ce na zauna can shekara 5, "I lived there for 5 years" za ki ce.

Shi kuwa oga, tunda ya riga ya ɗauka kin canza hali, gara ki gyara maganar gobe da safe in kin shiga gaishe shi. Ki ce "Sir, I meant that I usually come early, that day was an exception." In kina son ki ƙara nuna masa tashin asuba ba baƙon abu ba ne a wurinki, nan ne na biyun zai yi miki rana, "I am used to waking up early, sir."