Kenny Baker da gogen Amurka

Tambaya: Malam, wane ne Kenny Baker? Gogensa irin namu ne? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Makaɗin goge ne, ɗan jihar Kentaki a Amurka, an haife shi a 1926, ya rasu a 2011. Ya yi aikin haƙar kwal, sannan ya daɗe a ƙungiyar Bill Monroe, uban kiɗan bulugiras (wani salon kiɗan karkara na Amurka), har 1984. Ya yi suna da jan bakan goge mai tsawo da santsi.

Gogenmu tsirkiya ɗaya ce a kan ƙwarya, nasu huɗu a kan katako, ana tokare shi da haɓa. Duka biyun sai an shafa ƙaro a gashin bakan: in ya yi kaɗan gashin bakan ya zame, in ya yi yawa sautin ya yi kaushi.